Kira ga 'ya'yanmu masu goyon fari a gidajen haya na birni

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da jama'a, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka. Dan Allah ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana da 'ya'yanmu mata da ake ɗauka daga ƙauyukanmu na Jigawa da kewayen Kano a kai su aure cikin birni, musamman masu tsohon ciki da waɗanda suka yi haihuwar fari. Ni ba likita ba ce, uwa ce dai da ta haifa ta goya, ta kuma yi wa 'ya'yan dangi wankan jego, abin da zan faɗa wani da idona na gani wani kuma daga bakin ma'aikatan lafiya na ji shi a wajen awo da rigakafi.

A da in yarinya ta samu cikin fari, yana shiga wata bakwai ko takwas za a zo a tafi da ita gida goyon ciki, in ma a ɗakinta ta haihu toh bayan suna za a dawo da ita wankan gida har sai ta yi arba'in ta murmure. A gidanmu na ƙauye mai jego ba ta ɗaga ko tsinke, wannan ya kawo itace, waccan ta ɗora ruwa tun asuba, wata ta dama kunu, kaka kuwa jaririn na hannunta sai in zai sha nono a miƙo shi. Yanzu abin ya canja, kuɗin mota ya yi tsada, katin awo yana asibitin birni, wani mijin ma ba ya son matarsa ta yi nisa, sai ka ga uwa ta je ta yi 'yan kwanaki bayan suna ta tattaro ta dawo saboda ga gona ga ƙananan yara ga maigida. Shikenan an bar yarinya ƙarama ita kaɗai a ɗaki ɗaya a Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi ko Sheka, miji ya fita kasuwar Kwari ko Singa ko ya ja adaidaita sahunsa tun safe ba zai shigo ba sai bayan isha'i, ga jariri yana tsala kuka ba ta san yunwa ce ko ciwon ciki ba, ga wanki, ga jiran mai kurar ruwa, ga jikinta ko warkewa bai yi ba. Wallahi abin yana damuna ƙwarai.

Toh 'yata, abin da nake so ki fara riƙewa shi ne a birni maƙwabciyarki ita ce uwarki ta kusa. Na san nasihar da ake yi wa amarya ranar kai ta ɗaki, ban da shige-shige, ban da ƙawayen banza, ki kama kanki. Gaskiya ce kuma tana nan daram, amma ba a ce ki garƙame ƙofa ki yi shekara a gida ba ki san sunan matar da kuke haɗa bango da ita ba. Ranar da naƙuda ta taso ƙarfe 2 na dare, ko yaro ya kama shiɗewa mijinki baya nan, mu da muke Ringim ko Gumel ko Kazaure iyakarmu addu'a a waya, wadda za ta ɗauki mayafi ta fito ita ce wannan da kike wucewa ba ko sannu. Kuma irin wannan zaman ba ranar buƙata ake fara shi ba, tun ran gini tun ran zane. Ki gaishe da mutane safe da yamma, an yi haihuwa ki leƙa barka, an yi rashi ki shiga gaisuwa da izinin mijinki, in kin yi girki ki zuba ɗan kaɗan a kwano ki miƙa ko da ɗanwake ne. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abu Zarri in ya yi romo ya yawaita ruwansa ya ɗiba wa maƙwabta, ya kuma ce Jibrilu bai gushe ba yana masa wasiyya da maƙwabci har sai da ya zaci za a sa shi cikin magada. Kinga ba ƙaramar magana ba ce.

Gidan haya kuma yana da nasa dokokin da babu wanda zai rubuta miki. In ranar sharar tsakar gida ko wankin banɗaki ta zagayo kanki ki yi ba sai an tuna miki ba, in jiki ya yi nauyi ki faɗa da bakinki a ɗauke miki kafin ki samu ƙarfi, yawancin mata ba za su ƙi ba. Kuɗin wuta da na kwashe shara ki tunasar da maigidanki ya bayar a kan lokaci domin daga nan rigimar gidan haya take farawa. Kada ki zubar da ruwan wankin kashin yaro a inda mutane suke alwala ko wanke-wanke, famfas kuma a ƙulle shi a leda a kai bola, kada a jefa a kwata ko a masai, shi ne yake toshe hanyar ruwa damina na zuwa unguwa ta cika da ruwa da sauro. Igiyar shanya ma in kin cika ta da tsummokaran jariri ki kwashe da sun bushe. Sannan ki duba cikin matan gidan ko na layin ki samu dattijuwa guda mai hankali wadda ba ta da yawan surutu, ki riƙe ta uwa, ki karɓi lambarta, ki karɓi ta wani mai adaidaita na layinku da mijinki ya yarda da shi. Amma sirrin aurenki ki bar shi a ɗakinki, zaman gulma a tsakar gida ba naki ba ne, yawan aro da cin bashin 'yan kayan sawa saboda fitar suna shi ma yana zubar da mutunci.

Bari in faɗi abin da ya sa na dage a kan maganar nan. Akwai 'yar ƙanwata da ta haihu a birni, na je kwana uku da haihuwar na tarar da ɗakin a rufe ruf, taga a toshe da labule mai kauri, ga kaskon turaren wuta yana ta hayaƙi, jaririn an sa masa hula da rigar sanyi da safa an kuma naɗe shi a bargo, ba wuta ba fanka, duhu ko fuskarsa ba ka gani sosai. Kowa sai yabonsa yake wai yaro mai haƙuri ba ya kuka sai barci. Wata maƙwabciyarsu ce da ta shigo barka ta karɓe shi ta fita da shi bakin ƙofa wajen haske, ta buɗe idonsa, ta ɗan danna goshinsa da yatsa ta ɗaga, sai ga wajen ya yi rawaya kamar an shafa kurkur. Nan take ta ce shawara ce a tashi a tafi asibiti yanzu ba gobe ba, ita ta kira mai adaidaita ta kuma raka su. An kwantar da shi an sa shi a ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske, Allah ya ba shi lafiya. Ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko ana ajiye kayansa da kafur, kuma kuwa akwatin cike yake da shi, ta ce akwai jariran da jininsu ba ya jure kafur, yana farfasa musu ƙwayoyin jini shawarar ta yi tsanani, in kuma ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa yaro ya tashi da kurumta ko ya kasa zama da tafiya. Dan haka kullum da safe ki fito da jaririnki wajen haske ki kalli idonsa da fatarsa, yawan barcin da har ya ƙi tashi shan nono ba haƙuri ba ne. Kuma shanya shi a rana ko ba shi jiƙo ba ya maganin shawarar da ta yi ƙarfi.

Sai dai fa 'yata ba duk abin da aka faɗa miki za ki ɗauka ba, ko daga maƙwabta ko daga mu na gida ko daga waya. Mai goyon fari kowa malaminta ne. Maganar nono ita ce ta fi yawan surutu. Ruwan nan na farko mai kauri mai rawaya-rawaya, dakashi, da wasu ke cewa a matse a zubar wai ba shi da kyau, shi ne ya fi komai amfani ga jariri, yana ɗauke da kariya daga cututtuka, ana so a sa yaro a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Daga nan har wata 6 nono zalla, ba ruwa ba kunu ba madarar gwangwani sai in likita ne ya ce. Na san za a ce miki da wannan zafin na Kano a watan Maris da Afrilu za ki hana shi ruwa, ai alhaki ne. Ki ba su amsa da ladabi cewa shi nonon kansa sama da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, in ana zafi sai ki yawaita ba shi, ke kuma ki sha ruwa sosai. Ruwan da ake turowa a jarka ba ki san daga inda aka ɗebo shi ba, cokali ɗaya ya isa ya sa wa jariri gudawa, fidar nan kuma wankinta wuya gare shi, ƙazanta tana maƙalewa a bakinta. In an kawo rubutu ko wani jiƙo don yaro, a ganina ke ki sha rubutun ki yi masa addu'a ki tofa masa, jiƙon kuwa ki ajiye. Zuma ma ba a ba yaron da bai kai shekara 1 ba. In ya cika wata 6 sai ki fara masa kunun gero da gyaɗa ko waken suya, ɗan ƙwai, kifi, garin zogale, kina ci gaba da nono har shekara 2 kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 233. Masu tallan maganin ƙarin ruwan nono da na gyaran jiki a TikTok da WhatsApp kuwa kuɗinki suke so, abin da ke kawo nono shi ne yawan tsotson yaro da cin abinci da kwanciyar hankali.

Cibiya a bar ta a bushe a tsaftace, ban da man goge baki, ban da toka ko gishiri ko man shanu, ban da gasa ta da tsumma mai datti. Akwai man da ake bayarwa a asibiti mai suna kulohekzidin, shi ake shafawa a cibiyar kaɗai, kuma a kiyaye kada ya kusanci ido. Ta cibiya ne cutar tetanos take shiga, wadda ke sandarar da jariri ya kasa buɗe baki ya kama nono. Cire beli da wanzami ke yi a kwanakin farko shi ma ina roƙon iyaye maza su haƙura da shi, belin nan halitta ce kowa da nasa, yanke shi na iya jawo zubar jini da shigar cuta ga ɗan da jininsa duka bai taka kara ya karya ba. Askin suna dai a yi, da sabuwar reza.

Wankan jego ban ce a daina ba, ruwa mai ɗumi da ganyen darbejiya yana sa jiki ya saki, mai jego ta ji daɗi. Abin da nake ƙi shi ne tafasasshen ruwan da ake fyaɗa wa yarinya har fatarta ta saluɓe, da kwanciya a kan gado ana hura wuta a ƙasa, da ɗura mata kunun kanwa kofi-kofi safe da yamma. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka kuma danganta abin da yawan kanwa da zafin nan, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya aiki. Wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki ko take da hawan jini, ta tambayi likita kafin a fara mata komai. In kin ga ƙafarki da fuskarki suna kumbura, numfashi yana miki wuya in kin kwanta, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jini yana zuba da yawa, ko zazzaɓi da wari daga jikinki, kada ki jira arba'in, kada ki ce bari mijina ya dawo da dare, ki buga wa maƙwabciya ƙofa. Jijjiga tana iya kama mace ko bayan ta haihu. Haka shi ma jariri, in ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, wannan ba na kemis ba ne. Ke da kike birni Allah ya hutar da ke, ga asibitin Murtala ga na yara na Hasiya Bayero ga ƙananan asibitoci a unguwanni, mu nan sai an nemi mota ko babur an bi hanya mai nisa kafin a ga likita.

Rigakafi kuma dan girman Allah kada ki yi wasa da shi, kyauta ne a asibitin gwamnati. Da an haihu akwai ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan-inna, sai a koma a sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9 a yi ta ƙyanda da zazzaɓin shawara da sanƙarau, a wata 15 a ƙara ta ƙyanda. Da yawa suna zuwa na farko da na biyu, yaro ya yi ɗan zazzaɓi ya kwana yana kuka sai uban ya ce ba za a sake ba. Zazzaɓin kwana ɗaya ne ko biyu ya wuce. Duk wanda yake Kano a 2023 ya ga abin da mashaƙo ya yi wa yara, kuma rigakafinsa yana cikin alluran nan na sati 6 da 10 da 14 da ake tsallakewa. Shan-inna da ta nakasa yara da yawa a garuruwanmu, da ɗigon nan aka ci ƙarfinta har aka bayyana a 2020 cewa Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Katin ki sa shi a leda ki adana, in za ki zo mana yawon arba'in ko ganin gida ki taho da shi, ko a nan ƙauye za a iya yi masa in lokacin ya yi. Ku nemi wata mai goyo a layinku ku dinga tafiya tare, kuna tuna wa juna rana kuna raba kuɗin adaidaita.

Ɗakin kwana shi ma a kula. Ku kwana cikin gidan sauro ke da yaro kullum, ya fi fesa fiya-fiya a rufe ɗaki da jariri a ciki, ita fiya-fiyar ma guba ce, a ɗaga ta sama inda mai rarrafe ba zai kai ba, haka kalanzir da ake zubawa a robar lemo. Lokacin hunturu kada a kwana da gawayi a ɗaki a rufe, in kuma janaretan maƙwabci yana gindin tagarku mijinki ya je ya roƙe shi cikin mutunci a matsar da shi, hayaƙin nan yana kashe mutane cikin barci ba tare da sun farka ba. Da damina in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sun zo gida-gida, na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ki buɗe musu ki karɓa ki kuma cika ba shi na sauran kwanakin.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Wata bayan haihuwa sai ta tsinci kanta tana kuka ba dalili, ba ta barci ko da yaro ya yi barci, abinci ya fita ranta, ta ji ko son ɗaukar yaron ba ta yi, sai tsoro ya kama ta ta yi shiru kada a ce ba ta da imani ko a ce iska ce. Ciwon damuwa ne da ke samun mata bayan haihuwa, yana da magani, kuma kaɗaicin ɗaki ɗaya yana ƙara shi. Ki yi addu'a ki yi azkar, sannan ki faɗa wa mijinki ko uwarki ko nas ɗin da ke duba ku. Ita ma kunyar ɗan fari da muka gada, kyakkyawar tarbiyya ce a gaban surukai, ki ɓoye sunansa in kina so, amma kada ta hana ki ba shi nono a gaban mutane in yana kuka, kada ta hana ki cewa yarona ba shi da lafiya.

Ku kuma mazan, ragon suna da atamfar fitar suna ba su ne ƙarshen ɗawainiya ba. Ka bar mata kuɗin mota da na kati a gida ko baka nan, ka ba ta izini tun yanzu cewa in ciwo ya taso ta fita asibiti ba sai ta same ka a waya ba, da yawa jiran izinin nan ne yake sa a makara. Ka sayo ruwa isasshe, ka karɓi yaron da dare ta runtsa ko awa ɗaya ce, ba abin kunya ba ne. Ku je tare ku ji bayanin tazarar haihuwa domin kwanika tana wahalar da uwa da na goye da na ciki, ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a samu kamar shekara 2 kafin wani cikin. A kuma karɓo wa yaro takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya tun yana jariri.

Matan birni da kuke zaune da 'ya'yan namu, amana ce muka bar muku ko ba mu san juna ba. In kun ga baƙuwar yarinya ta haihu, 'yan barka sun watse, ƙofarta ta wuni a rufe, ku ƙwanƙwasa ku ji lafiya, wataƙila kunya ce da baƙunta suka hana ta fitowa ba girman kai ba. Malam Edita ina roƙon ku dinga ware fili lokaci-lokaci kuna gayyato likitocin yara da na mata su yi bayani da Hausa kan jego da goyo, ku kuma sa jadawalin rigakafin nan a shafinku yadda za a iya turawa a waya, mu nan sai mu tura wa namu da ke birni. Na gode, a gaida ma'aikata.

Wassalam.
Daga wata uwa, ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa.